Hau Ka Duba

"Madam Falmata, ai abin ya zo da sauƙi, tunda ƙauyen dangin mahaifiyarki ne. Ke za ki raka baƙin Yamai ranar Litinin. Su dai a nuna musu da ido, ba sa son dogon bayani." Darakta ne ke magana, yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota a yatsa. Na ce to. Ya ce ya san ba zan ba shi kunya ba. Sai idonsa ya faɗa kan teburin da nake zaune, ya tuna na wane ne a da, ya yi gyaran murya ya tafi.

Assalamu alaikum, Yaya Bukar.

Ka gafarce ni, na sa maganar wani a gaban gaisuwarka. Da Inna na raye da ta ce lakwal, makarantar boko, ta ƙarasa ɓata ni. To bari in gyara. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah na tare da kai a makwancinka, ina kwana, ina gajiya? Ba zan ce maka ya gida ba, ka san abin da tambayar nan ta jawo mana. Mu nan, in an tambaye mu, lafiya lau muke.

Fari ya dawo. Na san ba za ka yi mamaki ba, ka sha faɗa cewa bai tafi ba, ya dai koma gefe ya zauna. Ni kuma ina biron noma, ofishin da ka yi aiki, a ɗakinka na ƙarshen baranda, kan teburinka mai ƙafa ɗaya gajera. Saƙo aka ba ni in kawo maka, shi ya sa nake rubutun nan. Amma tunda wasu za su karanta wasiƙar ta bayan kafaɗata, dole in fara daga farko.

Kai ne na farko a zuriyarmu da ya ƙetare ruwa don karatu, ka dawo da takardar da babu wanda ya iya faɗin sunanta a unguwarmu ta Birni. Baba yana gaya wa abokan cinikinsa 'yan Barno cewa ɗansa malamin gona ne. Inna, da yake ita 'yar ƙauye ce daga bayan Dakusa, ta tambaye ka ko malamin gona na riƙe hauya. Ka ce a'a, lissafi yake yi: abin da aka noma, abin da za a ci, abin da zai rage, da yadda kasuwa za ta kama. Ta ce, "To madalla. Ka dai riƙa cin abinci kafin ka lissafa shi."

Lokacin gyaɗa ce sarauniya. Kana zuwa biro da kwat a cikin zafin bazara, kana rubuta rapor, wato rahoto, a kan kuɗin gyaɗa, manya na karantawa a Yamai. Ina lise, babbar sakandare, a lokacin, kuma ban san wani mutum da ya fi ka sanin duniya ba. Daga baya na shiga jami'a na ga irinku da yawa, amma ban fasa ba.

Da ruwa ya fara ja da baya, gwamnati ta so ta san hatsin da ya rage a ƙauyuka. Manomi kuwa ba ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya samu, balle mutumin gwamnati, wanda bai san ko mai haraji ne ya sauya riga ba. Sai ka kawo dabara. Ka ce a daina tambaya, a zaga gari a dubi rumbuna daga waje. Rumbun da aka cire wa jinka, ko aka bari ya karkace, ya ƙare. Wanda ke rufe, an gyara masa zana, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki, to akwai abin da ake tsaro a ciki. Dabarar ta yi kyau ƙwarai a takarda. Har wasu jihohi suka ara.

Abin da ba ka sa a lissafin ba, ni da kai mun san shi tun muna yara. Rumbun magidanci ba a leƙa shi. Matarsa ba ta leƙawa. Ɗansa ba ya leƙawa sai ranar rabon gado. Shi kaɗai ke hawa da safe, ya fiddo dami ya miƙa wa mata, ya mayar da jinka. Ranar da wani ido ya ga ƙasan rumbunsa, daidai yake da a kware masa riga a tsakiyar kasuwa. Kuma in akwai mutumin da ya riƙe wannan da haƙora a ƙasar Damagaram, to Kawu Isufu ne, yayan Inna, wanda a gidansa aka yaye ka. Matarsa, Gwaggo Tsahara, ita ta goya ka a lokacin. Da kai a bayanta take daka.

A farin farko, rapor ɗinka ya ce yankin na cikin matsi, amma ƙauyen su Inna zai kai kaka da ƙafarsa, domin rumbunansa duk a rufe suke. Saboda haka da wani babba ya zo daga Yamai don a tsara inda taimako zai tafi, darakta na wancan lokacin ya zaɓi ƙauyen, a nuna wa baƙo cewa ba ko'ina ne ya lalace ba. Ina hutun jami'a. Inna ta ba ni sabulu da goro in kai wa Kawu, ka samo mini wuri a bayan mota.

Damina ce da suna. Gawo ya zubar da ganyensa kamar yadda ya saba in ruwa ya sauka, shi kaɗai ya yarda damina ce. Shukar da aka yi ta fito tsawon yatsa ta tsaya, ta koma launin ƙasa.

Tun kafin mu ga gari muka ji lugude. Daka ake ta kowace kusurwa, taɓare na sauka a jere kamar ranar biki. Hayaƙi na tashi daga kowane gida. Maza sun fito da riguna wankakku, sun zauna a tabarmi ƙofar gidan Kawu, wanda shi ne babba a garin. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ina damina, da godiya. Ya iyali, lafiya lau. Ya ƙarfin gari, alhamdu lillahi. Sannan aka kawo fura a sabuwar ƙwarya, mai kauri, har da nono. Baƙon ya sha, ya lashe gashin baki, ya ce da Faransanci mutanen da ke dama irin wannan fura ba su san wahala ba. Darakta ya yi murmushin wanda aikinsa ya ƙare da wuri.

Ni abin da na lura da shi kawai, ban ga yaro ko ɗaya ba. Mota ta shigo ƙauye, babu yaron da ya biyo ta. Babu kaza, babu kare. Na ɗauka tarbiyya ce.

Kai ludayi na hannunka, ka kai shi rabin hanya ka tsaya. Ka karkata kai. Ka ce mini a hankali, "Falmata, saurara." Na ce ai daka ake. Ka ce, "Me ake dakawa?"

Sai na ji. Turmin da ke da tsaba ba ya ƙara, hatsin ne ke shanye bugun, sautin ya fito a dushe. Wannan kuwa itace ne ke dukan itace, ƙwal, ƙwal, ƙwal, daga wannan gida zuwa wancan. Babu mai waƙa, babu mai cilla taɓarya ta tafa. Babu ƙanshin dusa a iska. Matan gari gaba ɗaya suna tsaye bayan danga suna dakan turmi wayam, don kada baƙi su tafi da labari. Hayaƙin ma, daga baya muka ji, ruwa ne zalla a tukwane. Furar da baƙo ya yaba kuwa irin shuka ne, aka bi gida gida aka haɗa da tafin hannu.

Ka ajiye ludayi. Na ga ka dubi darakta, ka dubi baƙon da ya riga ya fara duba agogo. In motar nan ta tashi a haka, sunan garin ya fita daga rabon taimako, kuma da rubutunka ya fita. Ka tashi ka ce a ba ka tsani.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bukar, a gidan nan aka yaye ka." Ka ce, "Shi ya sa, Kawu."

Ka ɗauko tsanin da kanka, domin babu wanda ya motsa. Ka jingina shi da rumbun Kawu, mafi girma a garin, ka hau da takalminka na biro. Da ka sa kafaɗa ka ɗaga jinka, dakan ya tsaya. Ba a hankali ya tsaya ba. Lokaci ɗaya, kamar hannu guda ne ke riƙe da taɓaren garin duka. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma ba na fatan in ƙara.

Ka daɗe kana kallon ciki. Sannan ka sauko, ka ce wa baƙon ya hau. Ya hau yana dariyar ladabi, ya sauko ba ya dariya. Ni ban hau ba, a hanyar dawowa ka gaya mini. An share ƙasan rumbun tas, har sawun tsintsiya na nan. A tsakiya akwai farin alawayyo, an yanka an ninke, manya a ƙasa, ƙanana a sama, daidai mutanen gidan. Kawu ya riga ya yi nasa lissafin, ya tanadi likkafanin kowa, kuma bai yi niyyar damun gwamnati ba.

Shi kuwa Kawu ya tashi, ya kaɗe tabarmarsa, ya naɗe, ya shiga gida. Sabulu da goron Inna a hannuna suka dawo Damagaram.

Kafin wata ya mutu kamiyo, manyan motocin kaya, suka shiga garin da jar dawar nan ta ƙasashen waje, wadda mata ke cewa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Aka ci. A shekarar, cikin ƙyallen nan guda ɗaya aka ɗauka, daga na sama.

Ka san ladan da ka samu. A biro an ce ka ƙaryata rapor ɗinka da kanka a gaban baƙo, wanda gaskiya ne, kuma ka kunyata na gaba da kai, wanda shi ne laifin. Aka yi maka takardar ƙarin girma, aka tura ka can arewa cikin rairayi, inda hatsi ke zuwa a bayan raƙumi. Masanin tattalin noma ya zauna yana ƙirga dabino. A gida kuma Inna ta yi kwanaki ba ta dube ka ba, sannan ta ce, "Ka ciyar da su, ka tsiraita su. Ban san wanne zan fara yi maka ba, godiya ko kuka."

Da Sallah ta zo ka je gaida Kawu. Ka cire takalmi daga nesa, ka tsuguna a bakin zaure, ka ce, "Kawu, ina wuni." Ya dube ka babu fushi a fuskarsa, ya ce, "Hau ka duba."

Haka kowace Sallah. Daga arewa kake tahowa, kwana da kwanaki a bayan kamiyo, ka tsuguna, ka gaishe shi, ya ce hau ka duba, ka tashi ka sa takalmi. Bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa ragewa ba. Na ce maka ka daina zuwa. Ka ce gaisuwa ce ka miƙa, sai an karɓa za ka sauke hannu.

Da abubuwa suka sauya a sama aka dawo da kai, aka ba ka ɗakin nan na ƙarshen baranda, inda ake ajiye mutanen da aka rasa yadda za a yi da su. Ka ci gaba da aiki, kuma a nan ka yi rubutunka mafi kyau, a kan yadda za a ajiye hatsin gari a wuri guda don shekarar wahala. An yaba, an sa a kabad. Amma ka dawo da wani hali. Ka daina cewa lafiya lau. In an ce ina kwana, ka ce ba ka yi barci ba. In an ce ya iyali, ka ce ƙaramar na zawo. Mutane suka fara sauya hanya in sun hango ka, domin babu mai gaisuwa don a gaya masa. Wani lokaci kuma ana tsakiyar taro sai ka ɗaga bik ɗin da kake rubutu da shi, ka karkata kai, ka ce, "Wa ke daka?" Biron nan kuwa babu gidan kowa kusa da shi, sai filin ajiye motoci.

Ranar da ka cika, da la'asar ne, a gidan likita. Ina zaune gefen gado ina yi maka fifita, ka ce, "Falmata, wa ke daka?" Ni ban ji komai ba sai kukan keken marasa lafiya. Don in bi ka, na ce, akwai hatsi a ciki? Ka saurara da kyau, irin sauraren mai aiki. Ka ce, "Babu. Amma hannun Gwaggo Tsahara ne."

Kawu ya zo jana'iza. Ya tsaya a sahu, ya bi ka har maƙabarta, ya zuba ƙasa. Bai ci abincin sadaka ba, ya koma ƙauye a ranar.

Ka san ni, Yaya. Na yi karatu don kada in yarda da abin da ban auna ba, kuma ina cikin masu cewa gajiya ce ta taɓa maka kunne. To ranar da darakta ya ba ni aikin nan, bayan ya fita, ina zaune da rana tsaka na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, a hankali, kamar daga bayan bango. Na ce fanka ce, reshenta ɗaya ya saki. Na ɗaga kai. Ranar babu wuta tun safe.

Saboda haka ban jira Litinin ba. Ranar Juma'a na shiga motar kasuwa zuwa Dakusa, daga nan na hau amalanke, ni kaɗai.

Da ka ga garin. Rumbuna duk a buɗe, bakinsu na kallon sama. An sauke jinkaye an jera a ƙasa, an jingina wa kowane rumbu tsaninsa, don kada baƙo ya wahala. Da aka ga mace da jaka da tabarau, aka fito da yara aka tsayar a gaba, ƙanana a farko. Na ce ina wuninku, aka ce, "Ga shi dai kina gani, Madam." Babu hayaƙi, babu daka. Sun koyi karatun da ka koyar, Yaya, sun ma fi mu iya shi. Ban ga laifinsu ba. Na dai tsaya a tsakiyar garin ina jin kunyar da ban san ta wace ce ba.

Rumbu ɗaya ne kawai a rufe. An sabunta masa zana, an kewaye shi da sabuwar ƙaya, a garin da babu akuya ko ɗaya.

Kawu ya tsufa, idonsa ya yi fari, da murya yake gane mutane. Yana zaune a zaure da riga wankakkiya. Gwaggo Tsahara ta leƙo, ta ga baƙuwa ce, ta koma bayan danga tana jan ƙafa. Can sai na ji ta fara. Ƙwal. Ta huta. Ƙwal. Ita kaɗai a garin duka. Na san sautin nan, kwana biyu da suka wuce na ji shi a ƙarshen baranda.

Na tsuguna na gaishe shi. Ya ce lafiya lau. Ya iyali, lafiya lau. Ya ce, "An ce teburinsa aka ba ki." Na ce haka ne. Ya ce, "An ce gata za ki zo da mutane." Na ce haka ne. Ya ce, "Tsani na nan bayan ɗaki." Na ce, Kawu, ni mace ce, wa ya taɓa ganin mace a kan rumbu? Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe lakwal ta bar miki saura."

Gwaggo na ta dakanta. Sannan ya ce, "Ƙyallen nan da ya gani, rigunan Sallah aka ɗinka wa yaran da shi. Su ne yanzu ke riƙe mini hauya." Ya shafa tabarma da tafin hannu kamar yana neman wani abu. Ya ce, "Tun da ruwa ya ɗauke bana, in na fito da safe sai in tarar da yaron nan a tsugune a bakin zauren nan, takalminsa can nesa. Ni da ba na ganin rana, shi ina ganinsa sarai. Ba ya cewa komai, ya riga ya faɗi tasa. Na gaji da ganinsa a tsugune. Ku masu rubutu, in akwai inda kuke aika masa, ki ce na amsa. Ki ce masa lafiya lau."

To ga saƙon, Yaya Bukar. Kawu ya ce lafiya lau. Ni da kai mun san abin da ke cikin rumbun, shi ma ya san mun sani. Amma wannan ce amsar da ake ba ɗan gida, kuma ya ba ka ita.

Na sa gidansa cikin waɗanda za a kai wa hatsi. Yau in mun isa zan bi da baƙi ta gabas, inda tsani ya yi yawa, su hau su duba har su gaji. In darakta ya hango rumbun da ke rufe ya tambaye ni hujja, zan ce an riga an hau wannan sau ɗaya, ya isa. In hakan ya kai ni ƙirga dabino, ka riga ka gaya mini wanda ya fi zaƙi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa abin da ka ɗaga a kafaɗarka ranar nan ya zame maka inuwa. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, da ƙaramin nan da aka ɗauki ƙyallensa. Allah Ya rufa wa Kawu asiri har ƙarshe, Ya sauko mana da ruwa, Ya sa wa turmin Gwaggo abin da zai dushe masa murya.

Direba na ta oda a waje. Na saurara yanzu, babu komai sai fanka, yau akwai wuta. Tashi haka nan, Yayana, an amsa maka, ka sa takalminka. Ni ma bari in ɗauki jaka in ja ƙofar nan. Har yanzu sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa, kamar yadda ka nuna mini.

Ƙanwarka,
Falmata
Damagaram, safiyar Litinin